Hoton Iya da Bai Fito Ba

Zuwa ga Ummi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina roƙon Allah Ya tsare ki a hanyar da za ki hau ranar Lahadi, Ya tsare motar da direbanta, Ya kai ki Kano lafiya, Ya sa ki sauka a hannun da zai riƙe ki da amana. Amin.

Za ki yi mamakin wasiƙa daga wadda bango ɗaya ne tsakanin ɗakinta da naki. To kin san halina. Ke ce ta fari, kuma sunan Iya mahaifiyata aka sa miki, shi ya sa ban taɓa kiran sunanki na yanka ba, ban kuma taɓa zaunar da ke na yi miki doguwar magana ba. In na buɗe baki da niyyar yi, sai in ji na ce ki ɗauko tsintsiya. Takarda ba za ta kalle ni ba, shi ya sa na zaɓe ta. Iyakata aji shida na firamare, in kin ga kuskure ki wuce shi.

Bari in fara da abin da ya fi damuna. Innarki Yagana, ƙanwata, ta yi alkawarin riƙe ki a gidanta ta koya miki aikin hoto a shagonta. Ranar Talata na kira ta a waya na gaya mata wata magana da na ɓoye fiye da shekara ashirin. Ta saurara har na gama, sannan ta kashe wayar. Yau Alhamis, ba ta kira ba, na kira sau biyu ba ta ɗauka ba. Ban sani ba ko har yanzu ƙofarta a buɗe take gare ki. In ta rufe, ni ce na rufe miki ita, kuma gara ki ji dalili daga wajena kafin ki ji a bakin wani.

Kin san Innarki mai hoto ce, amma ba ki san na riga ta riƙe kyamara ba. Kawunmu Bukar, Allah Ya jiƙansa, yana da shagon hoto kusa da tashar mota a nan Haɗeja. A ciki akwai labule mai zanen gidan sama da furanni, samari su ari agogon junansu su tsaya a gabansa. Mata kuwa ba sa zuwa shago, shi kuma ba ya shiga cikin gidaje, duk suna da bikin da ake yi a unguwa suna wuce shi. Wata rana ya zo ya tarar da Iya tana bandar kifi a bayan gida, ya ce, "Yaya, ki ba ni ɗaya daga cikin 'yan matan nan ta riƙa shigar mini gidaje."

Iya ta ce, "Ɗauki babbar. Ta gama firamare tana zaune tana kallon kaji."

Shekarata goma sha uku lokacin. Kyamarar baƙa ce ƙarama, igiyar wuyanta ta tsinke an ɗaure ta da zaren koma. Ba irin taki ba ce da za ki danna ki duba, in bai yi ba ki goge. Fim ake sa mata, fim ɗaya hoto talatin da shida. In ya cika a naɗe shi tun yana cikin kyamarar, a cire, a ba direba ya kai Kano a wanke, ki zauna mako guda ba ki san abin da kika ɗauko ba. Kawu ya ja mini kunne a kan abu ɗaya: kada in kuskura in buɗe bayan kyamara fim bai gama naɗuwa ba, haske na taɓa shi duk abin da ke kai ya ƙone.

Kuskurena na farko kunya ce ta jawo shi. Sunan farko da aka aike ni, na shiga gidan na raɓe a jikin bango kusa da randa, daga nan na yi ta dannawa, ban gai da kowa ba, ban matsa ba. Da hotunan suka dawo, matan sun zama ƙanana can nesa, ga igiyar shanya, ga turmi, ga wata akuya a gaba ta cika rabin hoton. Kawu ya juya shi, ya sake juyawa, ya ce, "Hauwa, akuyar ce ta haihu?"

Na ga kina da irin wannan raɓewar, a wajena kika ɗauko ta. In kin shiga gidan mutane ki bar kyamara a rataye tukuna. Ki durƙusa ki gai da tsofaffi, ki yi wa mai jego barka, ki karɓi jaririn ki riƙe. Wanda kika gaisa da shi zai ba ki fuskarsa. Wanda kika leƙo daga nesa ƙeyarsa za ki samu.

Bayan hoton akuya Kawu ya ce Yagana ta riƙa raka ni. Shekara biyu na ba ta, amma bakinta ya fi nawa da shekara goma. Muna shiga gida za ta ce wa matar da ta haife mu da jika, "Gwaggo, ɗaga haɓar mana, ki yi kamar maigida ya shigo da tsire." Mata su kwashe da dariya, ta taɓa ni ta ce, "Yaya, danna." Daga danna sai ta koma "kawo ki gani". Kafin damina ta fita, saƙon da ake aikowa gidanmu ya sauya. Yaro ya tsaya a zaure ya ce, "Wai a turo 'yar hoton nan, ƙaramar."

Ƙaramar. Har yau in na tuna kalmar nan sai in ji ƙirjina ya yi zafi, da furfurata da komai. Kawu ya raba mana, mako ɗaya nawa, mako ɗaya nata. A makona ma ita ake tambaya.

Sai na yanke a raina cewa kayan aiki ne suka fi nawa. Kawu yana da filasha da ake ɗora wa kyamara a kai, ya taɓa ba Yagana ta je wani biki da ita don ɗakin amaryar da duhu. Na yi kwana uku ban ci tuwo da kowa ba, sai da ya ba ni. Na je gidan biki na yi ta haska mutane a ido. Fuskokin da aka shafa wa mai suka fito suna ƙyalli kamar bayan cokali, idanu jajaye, amarya kamar an firgita ta. Ita kuwa Yagana ashe ko kunna filashar ba ta yi ba. Matar take kawowa bakin ƙofa inda haske ke shigowa ta gefe, ta sa wata ta riƙe farin tire daga ƙasa, hasken ya dawo ya cike ƙarƙashin haɓa. Da tiren shan shayi ta fi ni.

A Kano za ki ga masu kyamara da gilashi dogo kamar taɓarya, da fitilu masu lema, da sanda mai ƙafa uku. Za ki kalli wadda babanki ya sayo miki ta hannu, ki ji ta yi miki ƙanƙanta. In kin ji haka ki tuna da tiren. Ki koyi taki har ki iya sarrafa ta ido a rufe kafin ki yi kwaɗayin wata. Ki riƙa cire batir in za ki ajiye ta, kada ki bar ta a rana cikin mota, in hadari ya taso ki sa ta a leda kafin ki sa a jaka. Kuma ki daina goge gilashin da gefen hijabinki, na gan ki sau da yawa, ban yi magana ba ne kawai.

Abu ɗaya na taɓa fin Yagana, shi ne ido a kan wuri. Ita mutane take gani, ni kuma wuri. Da kaka, bayan ruwa ya ja baya daga fadama, na bi bakin kogi ni kaɗai har na kai wata kwana da ba a cika zuwa ba. Goruba uku ce a tsaye a kan farin yashi, bayansu shinkafa ta yi kore shar, can nesa masunta na tura kwalekwale. In la'asar ta yi sakaliya shanu su gangaro shan ruwa, hasken ya yi laushi, baƙar fata ta fito kamar an shafa mata zuma. Na kai ƙawayena uku can da kayan sallarsu. Da hotunan suka dawo, karo na farko aka ce, "Wa ya ɗauki wannan?" kuma amsar ni ce.

Yagana ta ce, "Yaya, ina ne nan?"

Na ce, "Can hanyar Guri, bayan gadar katako."

Ƙarya nake yi, wurin yana ɗaya ɓangaren. Ta tafi tun da hantsi, ta dawo bayan azahar, laka har gwiwa, ƙaya ta yaga mata zane. Ta ɗauki hoton ta ƙura masa ido, ta gane wata Bafillatana mai kawo mana nono da ta fito ƙarama a can baya. Washegari ta tare ta a ƙofar gida ta tambaye ta inda suke shayar da shanu. Shi ke nan, ta sami wurina.

Kada ki ɓoye wa abokin aiki wuri. Ba ke kika dasa gorubar ba. Ga su nan ma in ba ki waɗanda na sani, duk lokacin da kika dawo hutu. Ragowar tsohuwar ganuwa, wadda kakannin kakanninmu suka gina tun Turawa ba su zo ba, jar ƙasarta tana karɓar mai fararen kaya. Zauren kakanki da hantsi, ki zaunar da mutum taku biyu daga ƙofa. Gonakin alkama lokacin sanyi, kafin a girbe. Bakin kogi wajen saukar kifi da sassafe, amma ki nemi izinin masuntan tukuna, kuma kada ki ɗauki matar makiyayi ba ta ce to ba. Da tsakar rana kada ki ɗauki kowa, idanu ramuka suke zama. Kwanar gorubar kuwa kada ki wahalar da kanki, ciyawar kacala ta cinye wurin, ko hanyar babu.

Yanzu na zo kan maganar da nake ta kewayewa.

Iya ba ta yarda a ɗauke ta hoto. Cewa take ba ta son a riƙa yawo da fuskarta a aljihun mutane. Ƙanenta ne mai shago amma ko sau ɗaya ba ta tsaya gaban labulensa ba. Ni na roƙe ta ya fi sau goma, irin roƙona, in tsaya a bayanta in ce, "Iya, ko in ɗauke ki?" Ta ce, "Ɗauki tsintsiya." In wuce.

Wata Laraba, a makon Yagana, Iya za ta bakin kogi sayen kifi. Yagana ta rataya kyamara ta bi ta, ni ma na bi su da kwando. Tun daga gida take mata surutu. "Iya, in kin tsufa jikokinki za su ce da ma haka kike ba haƙora. Bari in ajiye musu shaida."

"Ke dai Allah Ya shirye ki."

"Amin. Mu ɗan karkata nan, akwai masu kifi a kwanar can."

Babu wasu masu kifi. Kwanar gorubata ta kai ta. Iya ta gaji, ta zauna a gindin ta tsakiyar, ta gyara ɗankwalinta mai ruwan goro, ta ce, "To yi maza, ɗaya tak, kafin wani ya gan ni." Yagana ta ce wani abu da ban ji ba, Iya ta tuntsire da dariya har wushiryarta ta fito, Yagana ta danna. Ta sake dannawa sau uku. Ina tsaye da kwando a kai. Na san hasken, na san wurin, na san hoton nan zai fi duk wanda aka taɓa ɗauka a gidanmu. Wurina ne, uwata ce, ni aka fara ba kyamarar. Kuma har abada za a rataye shi a ce Yagana ce ta ɗauka.

Washegari bayan azahar kowa ya kwanta, zafi ya yi yawa. Kyamarar na rataye a ƙusa a ɗakinmu, saura hoto biyar fim ya cika. Na ɗauko ta na fito tsakar gida inda ko inuwa babu. Na buɗe bayanta. Na tsaya ina kallon fim ɗin a rana, na ja shi kaɗan da yatsa don hasken ya shiga sosai. Sannan na mai da shi, na rufe, na mayar da ita ƙusa. Ba hannuna ne ya kuɓuce ba, ba kuma rashin sani ba ne. Na sha ruwa na kwanta kusa da Yagana.

Bayan kwana takwas direba ya dawo da fim baƙi ƙirin. Akwai hotunan sunan wani gida a kai, su ma sun tafi. Kawu ya yi wa Yagana faɗa a gaban mutane, ya ce ita ce ba ta rufe ƙofar kyamara da kyau ba, rawar kai ta yi mata yawa. Ya karɓe ta daga hannunta wata guda, ya ba ni. Abin da nake so na samu. Yagana ta zauna a bakin rijiya tana kuka, ni na kai mata ruwa a moɗa.

Ta roƙi Iya a sake. Iya ta ce, "A'a, na zauna sau ɗaya, hoton da kansa ya ƙi ni. Sai bayan salla in na ɗinka sabon zane." Zazzaɓi ya kama ta da farkon damina, kwana shida ta yi. Ba ta kai sallar ba.

Kin sha tambayata kamannin wadda kika ci sunanta, in ce miki doguwa ce mai wushirya. Ba ni da abin da zan nuna miki, Innarki ba ta da shi, babu mai shi a duniya. Ni kaina yanzu in na rufe ido ɗankwalin nake gani sosai, fuskar tana gudu.

Yagana ta ɗauki laifin ta rungume. Ta zama mai duba kyamara sau uku kafin ta fita, ta naɗe bayanta da salatif. Ta yi aure a Kano, ta ci gaba, ta buɗe shago. Ni kuwa ina jin kina zaton babanki ne ya hana ni. Bai hana ni ba, har cewa ya yi zai saya mini tawa. Ni na ajiye, don ba zan iya zama ta biyu ba, kuma na san ta biyun ce ni. Na zaɓi in bar abin da nake so a kan in yi shi a bayan ƙanwata. Duk sallar da ta zo da mota da sabuwar jaka a kafaɗa, ina yi mata sannu da zuwa, ina zuba mata dambun kifi, cikina yana ƙuna.

Da a kanta abin ya tsaya da sauƙi. Kin tuna bara da kika je Kiri Kasama wajen gwaggonki, kika ɗauko wani tsoho yana ɗinkin koma a gindin tsamiya? Kika kawo mini a madafa, kika miƙo kyamarar. Na duba. Hannayensa, zaren a bakinsa, hasken da ya sauka a gefen gemunsa. Ni ban taɓa ɗaukar irinsa ba, Yagana ma a shekarunki ba ta ɗauka ba. Abin da na ji a kwanar goruba shi na ji, a kan 'yar da na haifa. Na ce miki, "Kansa ya karkace. Ga wanke-wanke can yana jiran ki." Kika sunkuyar da kai kika danna wani abu. Ina fata ba gogewa kika yi ba. Kansa bai karkace ba. Hoton ya yi kyau ƙwarai, yau na faɗa.

Ko yanzu da nake rubutun nan ban warke ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Ina tuna wata rana za a tambaye ki wa ya koya miki, ki ce Inna Yagana, sai in ji alƙalamin ya yi mini nauyi.

Saboda haka ki saurare ni a nan fiye da ko'ina, don wannan ciwon na san shi ciki da waje. A shagon Innarki akwai wasu 'yan mata masu koyo. Wata za ta fi ki. Wataƙila ƙarama ce, wataƙila bayanki ta zo. Za ki ji zafin, jinina ne a jikinki. Zafin ba shi ne zunubin ba, abin da hannu ya yi bayansa ne. In kin ga aikinta ya yi kyau ki faɗa nan take da ƙarfi, a gaban mutane, ki ce Masha Allah, tun abin bai kwana a cikinki ba. Ni na gwada barin shi ya kwana. Ki tambaye ta yadda ta yi, ko da tambayar za ta yi miki ɗaci. Kuma ranar da kika ji shi ya taso sosai, kada ki zauna ke kaɗai a ɗaki da kayan aikinta. Ki fita, ki yi alwala, ki je inda mutane suke. Abin da na yi bai kai minti ɗaya ba.

Za ki ce me ya sa ban faɗa mata ba sai da ya rage kwana biyar ki tafi. Zuwan Innarki na watan jiya ne. Kuna zaune a tabarma tana duba kyamararki, ina madafa ina jin ku. Ta ce miki, "Ummi, ki riƙa duba kayanki sau uku. Ni garin sakaci na ɓatar da fuskar uwata, har yau ban yafe wa kaina ba." Kika ce, "Allah sarki, Inna." Na tsaya da muciya a hannu har tuwon ya kama. Na ga za ki tafi gidanta ki ci abincinta, ta koya miki da zuciya ɗaya, ta riƙa ba ki labarin nan a matsayin laifinta, ni kuma ina nan na yi shiru na ƙara da aika mata 'yata. Na yi wata guda ina juya abin. Na san in na faɗa zan iya ɓata miki tafiya. Na faɗa duk da haka, ban kuma shawarce ki ba. Wannan ma ki yafe mini.

Da na kira ta, ta ɗauka da wasa kamar kullum. "Yaya, in kifi za ki aiko da shi ki ƙara, wancan yarana kwana biyu suka yi masa."

Na ce, "Yagana, fim ɗin Iya. Ba ke kika bar ƙofar a buɗe ba. Ni na buɗe shi a tsakar gida."

Ina jin ƙarar janareta a bayanta. Can ta ce, "Kuskure kika yi?"

Ta ba ni hanyar fita, kin gani. Na ce, "Da gangan."

"Saboda me?"

"Saboda ta zauna miki, ni ba ta zauna mini ba."

Sannan ta ce, "Kika kawo mini ruwa a moɗa." Ta kashe.

In har Lahadi ta yi ba ta kira ba, babanki ya ce zai kai ki gidan abokinsa a Kano kafin a nemo wani shagon. Ba zai zama kamar nata ba, na sani. Ko yaya ta kasance kada ki riƙe ta a zuciya. In kin gan ta ki durƙusa ki gaishe ta, kada ki ba ta haƙuri a madadina, ba aikinki ba ne.

Na ajiye alƙalami a nan jiya. Yau Juma'a, ana dawowa daga masallaci wayata ta yi ƙara. Innarki ce.

Ta ce, "Yaya."

Na ce, "Na'am."

"Ba na kira in ce na yafe ba ne. Ban kai nan ba, ban san ranar da zan kai ba."

"Na ji."

"Yarinya ba ta buɗe fim ɗin kowa ba. Ki sa ta a motar safe, ni da kaina zan tsaya mata a tasha. Ke kuma kada ki rako ta. Kada ki zo gidana sai na ce ki zo."

Na ce to.

Ta ce, "Ban gama ba. Shekaranjiya na zazzage akwatunana duka, na hotunan mutanen duniya. Ba ni da naki ko ɗaya tun kina amarya. Ummi ma na san ba ta da shi. Kafin ta taho ki zauna ta ɗauke ki, ta zo mini da shi. In ba hoto kada ta hau mota. Ba zan bari a yi mata abin da aka yi mini ba."

Ta ce, "Kuma ki saki fuskar nan taki, kada ki zauna mata kamar an kawo miki sammaci." Ta kashe ba sallama.

To kin ji. Ƙofarki a buɗe take, tawa ce a rufe, kuma haka ya dace. Ki haɗa kayanki.

Gobe Asabar bayan la'asar za ki same ni zaune a bakin ƙofar ɗakina da shuɗiyar atamfata. Kada ki yi mini maganar wasiƙar nan, ba zan iya amsa miki ba. Ki zo da kyamararki kawai. In na kau da kai ki jira, zan juyo. In kin nuna mini ya yi kyau, zan ji abin da na saba ji, amma zan ce ya yi kyau.

Allah Ya kiyaye ki a tafiya da zama. Ya tsare idonki da hannunki, Ya raba ki da sharrin mai hassada, ko a waje yake ko a gida, ko a cikin ƙirjinki. Ya sa ki fi ni, ki fi Innarki, Ya ba ni zuciyar da zan yi murna ranar. Ya jiƙan Iya da Kawu Bukar, Ya haskaka kabarinsu. Ya dawo mini da ke lafiya. Amin.

Ni ce mahaifiyarki,
Hauwa